Ƙanƙara, Ragon da Bai Kwanta Ba Har Kwatano

Tun da na dawo ban huta da tambaya ba. In je masallaci, "Habu, yaya Kwatano?" In je kasuwar Rogo sayen dusa, "Habu, wai da gaske ne ragonka ya yi barci a gaban Alhaji?" Har matan da ke zuwa kitso wurin matata Hajara sai sun tambaye ta. Na kuma san wanda ya baza maganar, Iliya ne, don mu biyu muka yi tafiyar. To zan faɗa sau ɗaya daga farko har ƙarshe. Wanda ya ƙara tambayata bayan wannan, sai ya hau babur ya tafi Turawa ya ji irin na Iliya.

Iliya ɗan kawuna ne, wato taubashina. Shi yana Turawa ta ƙasar Karaye, ni ina Zoza. Sana'armu ɗaya, noma da damina, kiwon turke da rani. Kun san ƙa'idar taubasantaka: ya faɗa maka duk abin da ya ga dama, ba ka da damar yin fushi, in ka yi ma dariya za a yi maka. Shi ya sa abin ya daɗe yana cina a ciki. Mutumin nan ba ya wahala a kan komai, amma komai sai ya yi masa kyau. Mu yi shuka rana ɗaya, ni in kwana ina lissafin taki, shi ya kwana yana minshari, da kaka sai ka ga gyaɗarsa ta fi tawa. Malamai sun ce hassada ba ta da kyau, ni kuwa ban kira nawa hassada ba. Kishi ne, amma mai nauyi.

Bana na ce sai na nuna masa. Na sayi ɗan rago balami, fari fat, babu ɗigon baƙi ko a kofato, na sa masa suna Ƙanƙara. Na lura da masu kajin gidan gona, yadda suke barin fitila a kunne kaji su yi ta ci har gari ya waye, sai na ce me zai hana rago? Na sayo fitilar sola na rataye a saman turke. Na ajiye rediyo a gefe saboda ɓarayi su ji kamar da mutum. Cikin dare in tashi in taɓa shi da ƙafa, in ce, "Tashi ka ci, ba kwanciya aka kawo ka yi ba." Dusa, ƙowa, harawar wake, ɗan ƙuli da kanwa. Haka muka yi watanni, ni da shi. Rago kuwa ya amsa, wuya ya yi kamar turmi, har daga Jajaye ana zuwa kallonsa.

Na Iliya fa? Wani uda ne, gaba baƙi baya fari, ko suna bai sa masa ba, sai dai "ragon nan". Ya zuba masa abinci safe da yamma, ya ja ƙyauren akurki, shi ke nan.

Akwai wani Alhaji Garba, mutumin Karaye ne amma ya tsufa a Kwatano yana cinikin atamfa. Duk shekara ragon layyarsa daga gida ake kai masa, ya ce ba ya yanka sai wanda ya ci harawar ƙasarsu. Dattijon da ya saba kai masa ya rasu, sai aka tura masa hotunan raguna ta waya. Ya ware biyu, nawa da na Iliya. Ya ce a kai masa duka ya gani da idonsa. Wanda ya ɗauka, mai shi ne zai riƙa yi masa kiwo duk shekara, ɗayan kuma a sayar a kasuwar can. Ranar da saƙon ya zo na tsaya a majalisarmu na ce, "Ku shaida, in Alhaji ya kalli Ƙanƙara ya kuma waiwayi wancan kucakin, ku daina kirana Habu." Aka ce an shaida.

Motar daga Karaye ta yi lodi, ni na jira ta a Rogo. Babbar mota ce da aka yi wa bene da katako, raguna sama da ƙasa. Kafin ta iso na wanke Ƙanƙara da sabulu, na ɗauraye shi da bula har yana ɗaukar ido, Hajara kuma ta ɗinka masa riga da tsohon zanenta. Da na leƙa cikin motar sai na ga abin da ban so ba. An shimfiɗa yashi da ƙaiƙayi, amma ragunan Karaye sun riga sun jiƙa shi da fitsari da kashi. Na ce wallahi farin nan ba zai taɓa ƙasan nan ba. Na roƙi direba, wani Bakatsine mai suna Lawal, ya ba ni kusurwa. Na ɗaure Ƙanƙara a jikin ƙarfen mota da gajeriyar igiya, yadda zai iya ci ya sha, amma ba zai iya kai gwiwa ƙasa ba.

Iliya kuwa yana kan buhunan harawa ya rufe fuska da hula. Ko Rogo ba mu bari ba, har barci ya fara ɗaukarsa! Ya ɗaga hular ya dubi Ƙanƙara da rigarsa, ya ce, "Bawana, wannan rago za ka kai kasuwa ko ango za ka kai ɗaki?" Ya mayar da hula. Ragonsa na kwance a ƙasansa cikin ƙazanta yana tuƙa, ko a jikinsa.

Muka bi ta Zariya, muka wuce Kaduna, muka nausa ta Bida. Ni dai ban san akwai hanya irin wannan ba. Rami ne ke bin rami, motar ta karkata nan ta karkata can, raguna su zube a kan juna. Ni ina tsaye na tokare Ƙanƙara da ƙirjina kada wani ya goga masa datti. In na ga kansa ya fara sunkuyawa, igiyar ta shaƙe shi sai ya farka a firgice, ni kuma in miƙa masa ƙowa. Duk ramin da muka faɗa sai in waiwayi Iliya, in ce yanzu kam ya tashi. Ina! Sai dai ya juya ɗaya gefen. Na tsani minsharin nan fiye da ramukan.

A Mokwa wani abu ya karye a ƙarƙashin motar, muka wuni a bakin hanya ana neman makaniki. Nan na ƙara ganin abin haushi. Muka je wurin mai shayi tare, ni na yi sallama na zauna kamar mutumin kirki, Iliya kuwa kafin ruwa ya tafasa har ya gano kakar mai shayin 'yar Gwarzo ce, sun zama dangi. Aka soya masa ƙwai, aka ƙara masa madara, aka kuma ba shi benci a inuwa ya miƙe. Ni na ɗauki kofina na koma mota, don na hango wani rago na shinshinar rigar Ƙanƙara.

Amma in faɗi gaskiya, ni ma na sha daɗina a hanyar. Duk inda muka tsaya sai mutane su taru a kusurwata. A gadar Jebba wata mai sayar da soyayyen kifi ta tafa hannu ta kira 'yan uwanta su zo su gani. Ba wanda ya ko kalli na Iliya, wanda a lokacin ba ka iya bambance gabansa da bayansa saboda datti. Sai dai tun daga nan na lura Ƙanƙara ya daina tuƙa. Kunnensa da zafi, idonsa ya yi ja, ko tari aka yi sai ya zabura. Da na kai hannu zan gyara masa riga ya kai min karo a cinya, abin da bai taɓa yi ba. Na ce wa Lawal, "Ka ga ƙarfi ko?" Lawal ya ce, "Ni dai da ka sassauta masa igiyar nan." Na ce masa ya kula da sitiyarinsa.

A Ilori muka ci abinci. Wani tuwo suka kawo baƙi mai santsi, amala suke ce masa, da miya kala uku a kwano ɗaya. Mu a gida an san yaji a gefe yake, mai so ya ɗiba. Su kuwa yajin ne miyar. Loma biyu na yi hawaye ya zubo, hanci ya ɓalle. Iliya ya cinye nasa ya jawo nawa, yana yi wa mai abincin Yarbancin da bai wuce kalma huɗu ba, tana ta ƙyalƙyala dariya har ta ƙara masa ganda. A Legas kuwa ban ga komai ba sai bayan motar da ke gabanmu. Tun hantsi muke cikin cunkoso har la'asar, ga hayaƙi, ga oda ta ko'ina, ga wani zafi mai danshi da ke manne wa mutum riga a jiki. Ƙanƙara na ta haki cikin zanen Hajara, ni ina yi masa fifita da kwali.

Iyakar Seme ba ta zo da wahalar da nake tsoro ba, jira ne dai mai tsawo. Aka duba takardunmu, aka duba na dabbobi, aka ƙirga su. Muka canja kuɗi a wurin wasu Hausawa da ke zaune ƙarƙashin laima, aka ba ni 'yan takardu kaɗan a madadin damin da na miƙa, har na tsaya ina jiran ciko. Tsallake ɗaya muka yi, Turancin da nake taƙama da shi ya mutu, sai Faransanci. Wani ma'aikaci ya hau motar, ya ga Ƙanƙara, ya kira abokinsa ya ɗauke su hoto tare. Na tashi Iliya musamman don ya gani. Ya buɗe ido ɗaya ya ce, "Madalla, sai a ba shi aikin kwastan," ya koma.

Kwatano gari ne na babura. 'Yan acaɓarsu duk riga ruwan ɗorawa suke sawa, mata kuwa su ma tuƙa nasu suke yi, da goyo a baya da kwando a gaba, ba mai ko waiwayensu. Burodinsu dogo ne kamar sandar makiyayi, bayansa da tauri, sai ka yi da gaske kafin ka kai ga taushin. Muka sauka a zango, unguwar Hausawa, gidan wani dattijo Malam Isa mai saukar da fatake. Hausar yaran gidan ta gauraya da Faransanci har sai ka kasa kunne. Ɗaki ɗaya aka ba mu, tabarma ɗaya ce kusa da taga, ba sai na faɗa muku wanda ya riga ni hawa ba. Da yamma aka kawo mana agidi da kifi da wani jan yaji, na ci agidin na bar sauran.

Abin da ya fi ba ni mamaki a garin shi ne tsakar rana. Da azahar ta kawo kai sai ka ga ana jan ƙofofin kanti, ma'aikata sun koma gida. Mai gyaran babur ya miƙe a kan benci, mai sayar da lemo ta kifa kai a kan tirenta. Wai hutun rana suke yi, kuma ba mai ce musu malalata. A Zoza ka kwanta war haka da rani, kafin la'asar an kai labarinka gidan surukanka. Na tsaya a ƙofar gida ina kallonsu, idona kamar an zuba yashi, na ji ina kishin gari guda. Iliya ya ce shi dai ya ga garin da ya kamata a haife shi.

Alhaji ya aiko cewa sai jibi da hantsi zai zo. A garken Malam Isa ƙasa jiƙe take, ga ta baƙa. Na sake ɗaure Ƙanƙara gajere a jikin wani ƙarfe, na rataya masa fitilar da na zo da ita tun daga gida, na kafa kujera kusa da shi. Na riga na kawo shi fari har nan, ba a kwana biyun ƙarshe zan yi sakaci ba.

Ranar da za a zo na sake wanke shi da sassafe, na cire masa rigar. Kai, ko ni da na raine shi sai da na ja da baya na ƙare masa kallo. Iliya kuwa ya ɗebo ruwa bokiti ɗaya ya watsa wa nasa, ya ce ya isa.

Alhaji Garba ya iso da hantsi, dattijo ne mai fara'a, yana dogara sanda. Tare da shi akwai wata mata da farar riga da jaka a hannu. Ya ce likitar dabbobi ce, Madam Salamatu, ita ke duba masa duk abin da zai saya. Mutuniyar arewacin ƙasar ce, tana jin Hausa sosai. Muka durƙusa muka gaishe shi. Ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi damina, ya tambayi wane da wane ko suna raye. Duk wannan gaisuwar idonsa na kan Ƙanƙara. Na gani, Iliya ma ya gani.

"Masha Allahu," in ji Alhaji. "Na wane ne wannan?"

"Nawa ne, ranka ya daɗe."

"Kwance shi, ɗana, in ga tafiyarsa."

Na kwance igiyar. Rabon da wuyansa ya rabu da ita tun Rogo, sai dai a sauya masa wurin ɗauri. Ya yi taku ɗaya, ya yi na biyu yana tangaɗi. Sai ya kai gwiwa ƙasa, daidai inda ruwan wankansa ya yi caɓi, ya kife a gefe ɗaya, ya miƙe ƙafafu. Cikinsa na sama da ƙasa da sauri, wata jijiya a wuyansa na bugawa har daga tsaye kana ganinta. Idonsa ya rufe.

Ban san lokacin da na yi ihu ba. "Wuƙa! A kawo wuƙa kada ya zama mushe!" Malam Isa ya zaro ta kugunsa ya miƙo min. Na durƙusa cikin caɓin, na kama haɓar Ƙanƙara na juya shi gabas. Watannin nan duka, ga inda za su ƙare.

"Dakata, Malam," in ji Madam Salamatu. Ba ta ɗaga murya ba, amma na dakata.

Ta tsuguna ta sa abin sauraro a ƙirjinsa. Ta buɗe idonsa ta duba, ta taɓa kunnensa. Ta ciro wani ɗan maɗauri ta naɗa masa a ƙafar gaba, irin wanda ake naɗa wa mutum a dantse a asibiti, ta jira na'urar ta yi ƙara. Ta tashi ta je ta yi wa ragon Iliya haka. Sannan ta dawo.

"Mota ɗaya suka shigo?"

Na ce ɗaya.

"Wancan jininsa daidai yake. Wannan kuwa ya hau sosai, zuciyarsa na gudu. Yaushe rabonsa da kwanciya?"

Na ce, "Tun Rogo." Wallahi da alfahari na faɗa, don na ɗauka za ta yaba.

"A gida fa, yana samun barci?"

Kafin in buɗe baki Iliya ya riga ni. Ya ba ta labarin fitila, da rediyo, da taɓawa da ƙafa, bai rage komai ba.

"Mayar da wuƙar nan," ta ce. "Ba mutuwa yake yi ba tukuna, barci ne ya kayar da shi. Malam, ban ce rashin barci kaɗai ba ne, akwai zafi, akwai ƙiba, akwai wahalar hanya. Amma wancan ma ya sha hanyar. Ka san in dabba ta yi barci, ba ido kaɗai ke hutawa ba. Zuciya na rage gudu, jijiyoyin jini su saki, ƙarfin bugun jinin ya sauka. Hutunsu ke nan, ba su da wani. In ka hana ta, jikinta sai ya ɗauka akwai abin tsoro a kusa, kamar ta ji warin kura. Jijiyoyin su tsuke, zuciya ta yi ta tura jini ta ƙuntatacciyar hanya. In na kwana ɗaya ne ko biyu, ya wuce. In ya daɗe, jijiyoyin kan fara rasa laushinsu, kamar tiyon ban ruwa da aka bari a rana. Masu bincike sun gwada a kan ɓeraye sun gani. Tunkiya ba ta da yawan barci, kaɗan-kaɗan take yi, amma wannan kaɗan ɗin sai ta kwanta take samun mai nauyinsa. Kai kuwa ka hana shi a gida da fitila, ka hana shi a hanya da igiya."

Na ce, "Don kada ya yi datti ne."

Ba wanda ya yi dariya, har Iliya. Da ma sun yi, da ya fi min sauƙi.

Alhaji ya tambaye ta ko zai warke. Ta ce in an sa shi a inuwa, wuri mai duhu da shiru, aka bar shi ya kwanta yadda yake so, tana sa ran zai tashi cikin 'yan kwanaki. Amma ba za ta ce masa yau lafiyayye ne ba. Alhaji ya jinjina kai. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Ɗana, ka yi kiwo, ban taɓa ganin fari irin wannan ba. Amma ibada zan yi, ba na kai wa Ubangiji abin da ake shakkar lafiyarsa. Kuma ka ga, ai ba gashin zan ci ba." Ya juya ya nuna wancan kucakin da sandarsa. "Iliya, a kai min wannan gida. Baɗi ma ina jira."

Ina durƙushe cikin caɓi na ji Iliya na cewa, "Allah ya ƙara girma, Baba." Na yi masa barka, don dole ne, amma ban iya kallon fuskarsa ba.

Madam Salamatu ta rufe jakarta, har ta juya sai ta tsaya. "Wa ke tashinsa cikin daren?" Na ce ni ne. Ta ce, "To kai wa ya ce maka jijiyoyinka na ƙarfe ne? Dubi idonka. Akwai kantin magani a bakin titi, ka je su auna ka." Na je daga baya, abin da suka faɗa min bai yi min daɗi ba, har yanzu ina shan ƙwayoyin.

Muka ciccibi Ƙanƙara mu huɗu muka kai shi wani tsohon ɗakin ajiya a bayan gida. Ko motsi bai yi ba. Gefensa ɗaya ya zama baƙi ƙirin, bula da sabulu duk sun tafi a banza. Na jawo kujerata zan zauna a bakin ƙofa, don zango ne, kowa na shiga yana fita, ga salla ta matso.

Iliya ya janye kujerar. "Bawana, tafi ka kwanta."

Na ce ba na jin barci.

"Ka je ka hau tabarmar taga. Ni zan zauna."

"Kai? Kafin in kai ɗaki ka yi minshari, a sace shi a sace ka."

"In aka sace shi ka karɓi cinikin Alhaji. Tafi."

Na tafi ne don in huta da ganinsa. Na ce zan ɗan kishingiɗa. Abin da na sani kawai, ana girgiza ni ana cewa in tashi in yi salla, in yi ta ido rabi a rufe in koma. Da na farka sosai, rana ta fito ta wani gefen da ban bar ta ba. Na fita da gudu ba takalmi.

Iliya na kan kujerar. Ya jiƙa hularsa da ruwa ya ɗora a ka, ga ɓawon goro a gabansa, shi da ba ya cin goro. Idonsa ya yi jajir. Malam Isa ya ce min tun jiya bai tashi daga wurin ba sai don salla, ya kori yara, ya hana a kunna rediyo a tsakar gida, ya toshe tagar ɗakin da buhu. Mutumin da ya yi barci daga Rogo har teku. Ya sa yatsa a baki ya nuna min cikin ɗakin. Ƙanƙara na kwance ya naɗe ƙafafu, kansa a sama, yana tuƙa a hankali.

Kun san abin da na ji? Na ji daɗi, wannan gaskiya ne. Amma a ƙarƙashin daɗin sai na ji tsohon abin nan ya motsa. Na ce a raina, shi ke nan, har a kirki ma ya riga ni.

Ana jibi salla Ƙanƙara ya miƙe sosai, Madam ta sake duba shi ta ce jininsa ya sauka, zai yi. Na sayar da shi a kasuwa ga wani mutum mai gidan burodi. Ban wanke shi ba, mutumin kuma bai tambayi launinsa ba, haƙarƙarinsa ya taɓa ya duba haƙora. Ban yi asara ba, amma ba don wannan na je ba.

Da na iso Zoza, 'yan majalisa sun riga sun ji komai ta waya. Sun tuna min alkawarina, yanzu ba mai kirana Habu, sai Mai Fitila. Fitilar kuwa na cire ta daga turke, tana ɗakin Hajara tana tsintar shinkafa da ita. Na sayi wani ɗan rago, in magariba ta yi sai in ja masa ƙyaure in bar shi.

A hanyar dawowa bas muka shiga. Ko iyaka ba mu tsallake ba kan Iliya ya faɗo a kafaɗata, da nauyinsa da minsharinsa, har da miyau a rigar sallata. A aljihunsa akwai cinikin Alhaji na bana, ga kuma alkawarin na baɗi. Na ɗaga gwiwar hannu zan ture shi, kamar yadda na saba tun muna yara. Sai na tuna jijiyar nan ta wuyan Ƙanƙara, na tuna ɓawon goro. Na sauke hannun. Kafaɗata ta yi tsami tun daga Badun, amma ban motsa ba sai da muka shigo Zariya ya farka da kansa, ya goge baki, ya dube ni ya ce, "Bawana, kai har yanzu ba ka iya barci a mota ba?"